Maigida, Kada Ka Zuba Guba a Waken Da Iyalinka Za Su Ci

Kaka ta yi, an gama roron wake daga Ɗanzomo har Gagarawa, buhuna sun fara shiga ɗaki. To yau magana ce da kai maigida, mai shirin ajiye buhu biyu ko uku har zuwa bazara.

Na san abin da kake tsoro. Ka ajiye wake lafiyayye, bayan wata uku ka kwance baki ka tarar da gari da huda-huda. Shi wannan ƙwaro tun daga gona yake biyo waken. Yana saka ƙwai, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar tana ci, cikin sati uku zuwa huɗu ta fito ta zama uwa. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayo Sniper ko fiya-fiya ya yayyafa, ko ya jefa ƙwayar bom a buhu ya jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. Ni dai a ganina wannan ba dabara ba ce, ganganci ne.

Sniper maganin feshin gona ne, ba a yi shi don a cuɗa da abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda irin wannan guba da aka riƙa samu a cikinsa, aka kuma yi ta tsawaita haramcin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna. To waken da Bature ya ƙi, wa ya cinye shi? Mu ne, a ƙosai da alala da garau-garau. Wankewa sau ɗaya kuma ba ta ba ka tabbacin ya fita. Shi kuwa bom, hayaƙin da yake fitarwa yana ratsa buhu, kuma yana kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Alhali ƙwaron nan numfashi yake yi kamar ni da kai. Ka hana shi iska, ya mutu, ba ka kashe ko sisi a guba ba. A kan wannan aka yi buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Amma fa sai ka bi ƙa'ida. Waken ya bushe ƙarau, ka fece shi, ka duba ledojin ko akwai huda. Ka zuba, ka matse iskar, ka murɗe bakin leda ta farko ka ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun. Ka ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango. Babban abin da ke kayar da mutane shi ne buɗe-buɗe: yau uwargida ta ɗebi tiya, gobe a ɗebi na baƙo. Duk buɗewa iska ce ka ba ƙwaron. Na cefane ka ware shi daban.

In ba ka samu buhun ba, jarka ma ta isa, ko duro mai murfi. A wanke, a busar, a cika har wuya, a sa leda a baki a murɗa murfin. Banda wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi. Kafin nan ka baza waken a rana tsaka a kan baƙar leda, ka rufe da fara mai shara-shara kamar awa biyu. Zafin na kashe tsutsa da ƙwai.

Kakanninmu da toka suke yi: a tankaɗe tokar murhu, kwano ɗaya na wake kwano ɗaya na toka, a cuɗa a tukunya, a rufe saman da wata tokar. Ta fi dacewa da iri ko ɗan abin da bai kai buhu ba. Ganyen darbejiya da busasshen barkono kuwa, gaskiya zan gaya maka, suna ɗan kore ƙwaro ne, amma ba sa kai wa tsutsar da ta riga ta shige ciki. Kada ka dogara da su kaɗai.

Kai kuma mai kai kaya Maigatari ranar Alhamis, wanda zai sayi buhun nan bai san abin da ka zuba ba, kai ka sani. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, balle aibin da ke kwantar da yaro. Mai saye, ka ɗebo ka sansana. In ka ji warin magani, bar shi. Gara mai 'yar huda.

In kuma tsautsayi ya faɗa, bayan cin wake aka ga amai, dalalar miyau, gumi, jiri ko sarƙewar numfashi, kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa yatsa a maƙogwaro. Zuma da habbatus sauda ma ba nan ne wurinsu ba. A ɗauki mutum zuwa asibiti mafi kusa nan take, a tafi da kwalbar maganin ko sauran abincin don likita ya gani.