A Kai Ɗalibai Daji, Alƙalami a Dama, Kyamara a Hagu

Duk wanda ya saba nazarin rubutattun waƙoƙin da ɗaliban Hausa suke tsarawa a kan damina ko daji ko tsuntsaye, zai lura da wata cuta guda da ta game su. Kari yakan zauna daidai, amsa-amo ba ya karyewa, amma dajin da ke cikin waƙar ba shi da suna. Itatuwa ne suka yi kore, furanni suka buɗe, tsuntsaye suna ta kuka. Wane itace? Wane tsuntsu? Ba abin mamaki ba ne ka tarar an sa gawo ya yi lif da ganye a tsakiyar damina, alhali kuwa kowane ɗan makiyayi ya san gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya shigo sannan ya tofo. Ɗalibin da ya yi wannan kure ba shi ne abin zargi ba. Abin zargi mu ne malamai da hukumomin makarantu, da muka kulle shi cikin aji muka ce ya siffanta abin da bai taɓa sa wa ido ba.

Matsayinmu a wannan maƙala a fili yake. Wajibi ne kowane sashe da ke koyar da Hausa, tun daga sakandare har jami'a, ya mayar da fita daji wani ɓangare na darasin waƙa, a haɗa wa ɗalibi aiki biyu a lokaci guda, wato ɗaukar hoto da tsara baiti. Wannan buƙata ta fi tsanani ga waɗanda ke karatun Hausa nesa da ƙasar Hausa, musamman 'ya'yan Sabon Ibadan da Agege da ire-irensu, waɗanda suka tashi da harshen a baki amma tsakanin kwalta da siminti.

Za a ce ai makarantu suna fita yawon buɗe ido. Haƙiƙa suna fita, to amma ina amfanin fitar? A cika mota a nufi Yankari, a yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, a jeru a gaban allon ƙofa a ɗauki hotunan fuskoki, a dawo. A cikin hoto ɗari da ƙyar za ka sami guda wanda itace ko tsuntsu ne abin nufi. Daɗin daɗawa, an bar harkar a hannun malaman labarin ƙasa da na kimiyyar halittu, sai ka ce malamin adabi ba shi da rabo a daji. Ga shi kuwa adabin nan namu daga daji ya ɗebo rabin kayan aikinsa. Ɗalibi ya haddace cewa Gamji kirarin Sardauna ne, amma a kai shi gaban gamji ba zai bambance shi da durumi ko ceɗiya ba. Yana kawo karin maganar inuwar giginya da na nesa ke sha a takardar jarrabawa, alhali bai taɓa tsayawa gindin giginya ya ga inda inuwar take faɗawa ba.

Me ya sa muka dage a kan kyamara? Saboda ita shaida ce da ba ta karɓar toshiyar baki. Mawaƙi yana iya ɓoye jahilcinsa a bayan kalma mai daɗi, amma idan aka ajiye hoto kusa da baitinsa, nan take asiri zai tonu. Wanda zai ɗauki hoton marke dole ya tsaya, ya kewaya, ya jira haske, ya lura da ɓawo da ganye. Wannan tsayuwar ita ce tushen siffantawa da kamantawa da muke wahalar koyarwa da alli. Ita kuma waƙa tana biyan bashin da hoto ba zai iya biya ba. Hoto ba ya faɗin sunan itace, ba ya ɗaukar ƙamshin furen ɗorawa, ba ya sanin cewa da bagaruwa ake jima, da gawayin ƙirya maƙeri yake ji, ko kuwa isowar shamuwa albishir ne ga manomi ya gyara gona.

Al'amarin ya wuce gyaran salon ɗalibai, domin harshen kansa ke cikin haɗari. Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa littafi guda a kan sunayen tsirrai da Hausa, ya tsinto su daga bakin manoma da maharba da masu magani. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ma cike yake da irin waɗannan sunaye. Yau jikokin waɗanda suka ba da sunayen sai sun buɗe littafin baƙo kafin su san abin da kakanninsu suka sani da ka. Kuma abubuwan da ake kira da sunayen suna ta ƙarewa. An sare madobiya ana lodinta zuwa ƙasar Sin, har ta kai ga an sa ta cikin jerin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu a duniya daga 2017. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa, ta yi wuyar gani a fadamunmu. Duk itacen da ya faɗi ba a maye gurbinsa ba, yakan tafi da sunansa da kirarinsa da karin maganarsa.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji uku, kuma ta farko ce kaɗai mai nauyi, wato tsaro. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disambar 2020 ba, ko na kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021. Babu mai hankalin da zai ce a ɗauki 'ya'yan mutane a kai su Rugu ko Kamuku ko Sambisa. Sai dai daji ba can kaɗai yake ba. Akwai dajin Amurum a gefen Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye take aiki tun 2001. Akwai kurmin da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa take tsare da shi a Ibadan. Akwai gandun Lekki a Legas, wanda aka kafa a 1990. Jami'o'i da dama suna da lambunan tsirrai a cikin harabarsu, kuma bayan katangar makarantu da yawa akwai fadama ko saura. Idan muka bar tsoro ya hana yaranmu ganin ko da waɗannan, to mun miƙa wa ɓarayin daji har abin da ba su nema ba, za mu kuma yaye zuriyar da kalmar daji ba ta tuna mata komai sai bindiga da kuɗin fansa.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi. A da, lokacin da sai an sayi fim an kai wanki, wannan magana tana da makama. Yanzu kuwa da wuya a sami aji a jami'a da babu wayoyi masu kyamara a aljihun ɗalibai, kuma kuɗin mota na wuni guda bai kai abin da ake kashewa a liyafar yaye ɗalibai ba. Hujja ta uku ita ce wai aikin waƙar Hausa wa'azi ne da gargaɗi, waƙar tsirrai kuwa al'adar Turawa ce. Masu wannan magana su koma su karanta Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, su saurari kirarin maharba, sannan su gaya mana wane Bature ya koyar da su. Ai lura da halitta shi kansa babban wa'azi ne.

Yadda za a gudanar da aikin ba shi da wuya. A kasa ɗalibai ƙananan rukunoni, a nemo musu ja-gora daga mutanen wurin, maharbi ko makiyayi ko mai magani, a biya shi ladansa a matsayin malami, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kowane ɗalibi ya zaɓi abu guda, itace ko tsuntsu ko tururuwa. Ya ɗauki hotonsa daga nesa da kusa, ya rubuta sunansa da Hausa da kuma harshen mutanen wurin, ya tambayi amfaninsa, sannan ya zauna nan gindinsa ya fara baitocinsa kafin a hau mota. A koma wurin sau biyu, da rani da damina, domin ya ga yadda abin ya sauya. Daga ƙarshe a buga hoto da waƙa a shafi ɗaya, mai karatu ya yi alƙalanci.

Muna kira ga shugabannin sassan Hausa da masu tsara manhaja da su sa wannan fita cikin jadawalin zangon karatu, su ware mata maki kamar kowane aikin jinga. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna ciyar da ɗalibanmu da ji, lokaci ya yi da za mu kai su su gani, tun itatuwan suna tsaye kuma masu sanin sunayensu suna raye.