A Sauke Wa Maniyyaci Nauyin Tsaraba

Da watan Zulƙida ya kama, gidajen maniyyata a Mai Wurno da sauran ƙauyukanmu na Sinnar a Sudan sukan cika da 'yan sallama. Kowa da addu'arsa, amma sau da yawa akwai saƙo a wutsiyar addu'ar: "Kawu, a taho mini da jallabiya." "Inna, kar a manta da turarena." Ina ganin lokaci ya yi da za mu bar wannan ɗabi'a, domin tana cinye guzurin da ya kamata ya tsare lafiyar mai tafiya.

Na taya wata gwaggona ɗaure kaya. A ƙasan akwati ta shimfiɗa buhu biyu a ninke, na kwaso tsaraba, sannan ta soke takardar sunayen masu saƙo a bakin zanenta. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, duk an ƙulle a leda. Maganin hawan jininta kuwa ba zai kai ta ranar Arfa ba, takalminta kuma sabo fil, bai taɓa sanin ƙafarta ba. Na ce, "Gwaggo, da wannan za ki bi hanyar jifan Shaiɗan?" Ta ce ai kuɗin ƙarin magani ta ajiye na dadduman jikoki.

Kakanninmu ba haka suka shirya ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a nan bakin kogi. Dubban da suka biyo sawu ta Chadi da Darfur da ƙafa suka zo, kuma babban guzurinsu sana'a ce. Wani ɗinki, wani wanzanci, wani allo da tawada. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, da yawa suka shiga gonakin audugar Jazira suna tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wanda ya dawo bayan shekaru, ganin fuskarsa kaɗai ya ishi dangi murna.

Yau tafiyar ta gajarta, amma jiki bai huta ba. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina. A hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Saboda haka abin da ya cancanci gurbi a jaka sananne ne: harami da na canji, silifa wadda ƙafa ta saba da ita, lema, gorar ruwa, sabulu marar ƙamshi, gishirin zawo, da maganin da zai kai har dawowa tare da takardar likita. Fasfo, katin rigakafin shawara da sanƙarau, da katin Nusuk su zauna a ƙaramar jaka a jiki. Goro kuwa a bar shi gida. Hukumar alhazan Najeriya ta sha gargaɗin mutanenta a kansa.

Za a ce tsaraba zumunci ce, kuma tabarraki ake nema. Na yarda. To amma tabarrakin yana cikin zamzam da dabino, lita 5 kuma ta isa a ɗanɗana wa unguwa. Carbin roba da hular da ake kokawar saye a Makka, yawancinsu daga Sin aka kawo su, akwai irinsu a kasuwar Sinnar. Ga kuma halin da muke ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani ya ci Sinja, fam ɗin Sudan ya faɗi warwas, kowane riyal da ke aljihun alhaji da gumin iyali aka haɗa shi. Wani ma saniya ya sayar.

Limamai da masu bitar alhazai su faɗi wannan ƙarara: wanda ya dawo hannu sake bai yi abin kunya ba. Maniyyaci ya fara biyan bashi, ya bar wa iyali abinci, ya rubuta wasiyya, kafin ya yi lissafin kyauta. Mu kuma 'yan rakiya, in dai zumuncin ne, mu kai gudummawar kuɗin magani ko lema, mu roƙi addu'a kawai, mu yi masa fatan hajji karɓaɓɓe.