Kuɗin Magani Ba Lissafin Rana Ɗaya Ba Ne

Akwai cutar da jijiyar jini kan kumbura cikin ƙwaƙwalwa kamar salka, in ta fashe rai na cikin hatsari. Hanyar maganinta biyu ce. Ta fari, a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, yadda Walter Dandy ya soma a Amurka cikin 1937. Ta biyu, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a cika kumburin da zaren ƙarfe.

Zaren nan tsada gare shi, amma jinyarsa gajeruwa ce, sai dai mai shi yakan koma a sake dubawa. Tiyata kayanta sun fi arha, kwanciyarta kuwa doguwa. Da aka haɗa lissafi a Ingila cikin 2008, aka tarar bayan shekara 2 kuɗin kusan ɗaya ne.

Ɗan kasuwa ya sani, kuɗin kaya ba ya cika sai an haɗa da dako. Saboda haka kada dangi su zaɓa bisa farashin ranar farko. Lalle su tambayi likita wadda ta dace da siffar kumburin, gama rai ba a tayinsa.