Kirsimeti a idon Bahaushen Kudu

Daga tsakiyar Disamba tireloli ke gangarowa daga Arewa maƙare da shanu da awaki da buhunan albasa, suna sauke kaya a Gariki ta Inugu, da bakin gadar Anacha, da Oyigbo kusa da Fatakwal. Tambayi ɗan'uwanmu mai awaki mece ce Kirsimeti, zai ce maka kakar ciniki ce. Bai yi ƙarya ba. Abin da ke damuna shi ne mutum ya shekara ashirin a gari bai san abin da ke kai maƙwabcinsa coci da tsakar dare ba.

A wurin Kirista, 25 ga Disamba ranar tuna haihuwar Yesu Almasihu ce a Baitalami. Imaninsa shi ne Allah ya zo duniya cikin siffar ɗan Adam domin ceton mutane. Mu Musulmi ba mu yarda da haka ba. Isa ɗan Maryamu Annabi ne a wurinmu, labarin haihuwarsa kuma yana cikin Suratu Maryam. Bambancin a fili yake, ba na neman a rufe shi. Sai dai wanda ya ga yadda majami'ar Holy Trinity ta Anacha ko Holy Ghost ta Inugu ke cika maƙil a daren 24, bayan Lahadi huɗu na shiri da tuba, ya san ibada ake yi, shinkafa da sabon ɗinki daga baya suke.

Linjilar Luka ta ce tafiyar ƙidaya ce ta kai Yusufu da Maryamu garin kakanninsa, suka rasa masauki, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi, makiyaya kuma su ne farkon waɗanda suka ji albishir. Baƙo da makiyayi ke nan a tsakiyar labarin. Wa ya fi Bahaushen Kudu sanin zaman baƙunci? Shi ya sa nake ganin wannan biki yana ɗora wa Kiristan Anacha nauyin baƙon da ke ƙofarsa, garin da har yau bai manta da jinin da aka zubar a Fabrairun 2006 ba. Karɓar baƙo ba sabon abu ba ne a ƙasar: Inugu ta zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, magajin garinta na farko.

Mu ma da namu nauyin. Idan Ibo suka watse ƙauyukansu, sau da yawa maigadi Bahaushe ake damƙa wa makullin gida da shago. Amana ce, a riƙe ta. Mai tumatir kuma ya ji tsoron Allah, kada ya ninka farashi don ya ga uwar 'ya'ya ta matsu. Kada mu manta akwai Kiristocin Arewa a barikoki da unguwanninmu da ke sujada da Hausa; tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen nan.

Kirana ga sarakunan Hausawa na garuruwan nan uku da limamanmu: ku ja kunnen matasa a huɗubar Juma'ar da ke gaban bikin, ku kuma taka ku gaida maƙwabta a gidajensu.