Ina Makomar Matattun Wayoyin Illela?

Tsofaffin wayoyi na ratsa iyakar Illela da Birnin Konni, amma da wuya a san makomarsu idan sun mutu. A cikinsu akwai dalma mai lalata ƙwaƙwalwar yara, gubar da ta hallaka yara fiye da 400 a wuraren haƙar zinariya na Zamfara a 2010.

Bulokcen kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, saboda haka ba mai iya goge rubutunsa shi kaɗai. Ya kamata hukumar NESREA ta wajabta shigar da lambar kowace na'ura cikinsa, daga dillali har zuwa masana'antar sarrafa shara. Sai dai kundi ba ya rubuta kansa. Muddin ba a biya 'yan jari-bola ladan kawo kayan ba, ƙona su za a ci gaba da yi a juji.