Ai Saƙawa Ta Yi

Da zarar azumi ya raba tsakiya, hankalin gidaje yakan koma kan kayan sallah. Tela ya daina ɗaga waya, Kantin Kwari ta cika ta batse, masu kitso da lalle sun fara tsara layi. A cikin wannan hada-hada akwai mata da 'yan matan da shirinsu ya girmi na kowa, domin tun kafin a ga watan azumi suka sayo zare suka ɗauki kwarashi. Wannan tana saƙa wa jaririn yayarta hula da safa, waccan tana haɗa wa kakarta mayafin kafaɗa, wata jakar hannu take yi wa aminiyarta, wata kuma farar hula ce ga mahaifinta ya je idi da ita. Ranar sallah su naɗe a leda su miƙa da hannu biyu.

Sau da yawa sai a karɓa, a juya gaba da baya, a ce "an gode, Allah ya yi albarka," a ajiye a gefen gado. Bayan mai kyautar ta fita wata ta leƙo ta ce, "Yaya, me ta kawo?" Sai a ce, "Ai saƙawa ta yi." Duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da ke ƙarƙashin wannan amsa: ko dai ba ta da kuɗin sayen na kanti, ko tana da shi ta yi rowa. Wanda kuwa ya zauna a ofis ya danna waya, alat ya shigo, shi za a yi ta ambato da sa albarka har bayan hawan sallah. Ba na raina kuɗi, kuma gidan da babu cefane naira ta fi masa hula amfani. Abin da nake ƙi shi ne ma'aunin da ya sa minti guda na mai danna waya ya fi dararen mai saƙa nauyi.

Bari a ga yadda aikin yake, don da yawa cikin masu rainin ba su taɓa zama kusa da mai yinsa ba. Kwarashi ɗan ƙarfe ne ko roba mai lanƙwasa a baki. Mai saƙa takan naɗa zaren a yatsanta manuni na hagu, ta riƙe kwarashin a dama, ta janyo zare ta cikin madauki, ta sake janyowa ta cikin wanda ta yi yanzu. Madauki ɗaya bayan ɗaya, babu tsallake, babu hanyar yanke. Hular jariri daga tsakiyar kai ake faro ta, a yi ta zagaye ana ƙari da lissafi. In aka yi ƙari da yawa ta yi fele-fele, in aka rage ta tsuke ta ƙi shiga kai. Shi ya sa za ka ga leɓenta yana motsi, ƙirga take yi. In yaro ya yi kuka ko tukunya ta kira ta lissafin ya ɓace, kuskuren ba ya nuna kansa sai bayan layi biyar ko shida, sannan dole ta zare kwarashin ta ja zaren ta warware aikin awa guda da hannunta. Ka duba yatsan da zaren ke bi ta kansa, za ka ga ya yi shaida. Kuma yawanci ba da rana tsaka ake wannan ba. Bayan asham ne, an gama wanke-wanke, yara sun yi barci, wataƙila ma an ɗauke wuta tana haskawa da fitilar waya.

Akwai wani abu game da wannan sana'a da ya kamata kowa ya sani. Saƙar tsinke biyu, wadda ake rigunan sanyi da ita, tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera mata inji a Ingila, kuma yau masana'antu ke fitar da ita buhu-buhu. Saƙar kwarashi ta gaske kuwa har yanzu ba ta shiga hannun injin masana'anta ba. Akwai injinan da ke kwaikwayon kamanninta, amma ainihin ɗaurin sai da hannu. Ma'ana, duk abin kwarashi na gaske da ka gani a kasuwa, komai arharsa, wani mutum ne ya zauna ya yi shi madauki bayan madauki. Ko farar hular nan da alhazai ke kawowa tsaraba, wadda ake wa laƙabi da taɓa-ni-ka-ji-hadisi, wasu na inji ne, amma akwai waɗanda mata ke saƙawa da hannu a ƙauyukan Bangaladesh. Arharta ba ta nufin aikin ba shi da wuya, tana nufin an biya mai yinsa kaɗan.

To me ya sa muke auna kyauta da farashi? Ina ganin al'adar biki ce ta bi mu har cikin sallah. A wajen suna ko aure, mata kan lura da abin da kowa ta kawo, wasu har rubutawa suke yi, domin ranar nata bikin a mayar mata da kwatankwacinsa ko a ɗora. Tsari ne mai kama da adashi, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ba zan zage shi ba. Sai dai ya koya mana tambaya guda tak game da kowace kyauta: nawa take? Turmin atamfa an san kuɗinsa, sabulu da omo an san nasu. Abin da aka saƙa a ɗaki ba shi da rasit, don haka mai lissafi ba ta san inda za ta rubuta shi ba, sai ta rubuta kuɗin zaren kawai, ta zubar da sauran. Sauran nan kuwa shi ne kyautar.

Abin mamakin shi ne mu ba baƙin aikin hannu ba ne, mu ne ma gidansa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Zaren da masaƙa suka yi aikin da shi kakanninmu mata ne suka kaɗa shi da mazari a tsakar gida. Har gobe namiji zai sayi hula zanna bukar da kuɗi mai tsoka, ya cire ta ya nuna wa abokai cikinta yana alfahari cewa ɗinkin hannu ce, ba ta inji ba. Babbar riga mai aikin hannu ta fi ta keke daraja a idon kowa. Ashe ke nan ba aikin hannu muke rainawa ba. Muna raina shi ne idan ya fito daga ɗakin da muka sani, daga hannun yarinyar da muka goya. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Jakar da ƙanwarka ta saƙa, da a Instagram ka gan ta an rubuta mata suna da Turanci an ɗora farashi, da ka tura wa matarka hoton.

A wasu ƙasashe wannan ɗan ƙarfe ya taɓa ceton rayuka. Lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, an koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi, suna sayarwa suna ciyar da gidajensu. Sarauniya Victoria ta Ingila kuma, tana da shekara sama da 80, ta saƙa mayafan wuya guda takwas da hannunta domin a ba sojojin da suka nuna jarumta a yaƙin Afirka ta Kudu. Matar da ke iya ba da zinariya ta zaɓi ta ba da aikin yatsunta, kuma babu wanda ya ce rowa ta yi.

Amma ba sai mun je Turai neman hujja ba. A cikin Sahihul Bukhari akwai labarin da Sahlu ɗan Sa'adu ya ruwaito, na wata mata da ta kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mayafi, ta shaida masa cewa da hannunta ta saƙa domin ya sa. Ya karɓa yana mai bukatarsa, ya fito wa sahabbai yana ɗaure da shi. Wani mutum ya yaba kyawunsa ya roƙa, aka ba shi. Da mutane suka zarge shi sai ya bayyana cewa so yake ya zama likkafaninsa, kuma haka aka yi. Malamai sukan ja hankali kan kyautar Annabi a wannan labari, kuma daidai ne. Ni abin da ke tsaya mini shi ne farkonsa: an kawo abin da aka saƙa a gida, an karɓa, an sa a jiki, an fita da shi cikin jama'a. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi ma an san ta da aikin hannu, tana yi tana sadaka da abin da ta samu.

Akwai laifi na biyu, kuma masu yinsa sun ɗauka su masoya ne. Su ne waɗanda da sun ga hular a kan jariri sai su ce, "Kai, ta yi kyau! Ke 'yar nan, ki yi wa Abba irinta, amma shuɗiya, da safarta, kafin sallah." Ba maganar kuɗin zare, balle ladan hannu. In yarinyar ta yi ƙarfin hali ta faɗi farashi, sai gwaggo ta riƙe baki: "Ni za ki yi wa ciniki? Abin da kike yi kina zaune?" Wannan "kina zaune" ita ce "ai saƙawa ta yi" ta sake riga. Mai raini da mai neman na banza tushensu ɗaya, dukansu ba sa lissafa lokacin mace a matsayin abu mai daraja. Babu wanda ke zuwa shagon ɗan'uwansa tela ana saura kwana biyar sallah ya ajiye yadi ya ce a ɗinka don zumunci, ko ya yi ma ya san alfarma ya nema. Kyauta abin da mai ita ta yi niyya ne, ta zaɓi wanda za ta ba. Ranar da aka fara yi mata oda, an fita daga kyauta an shiga ciniki, sai a biya. 'Yan mata da yawa yanzu a YouTube da TikTok suka koyi saƙar, da kuɗin datarsu, kuma da ita wasu ke sayen littafi da biyan kuɗin mota zuwa makaranta. Dangi su ya kamata su zama masu sayen farko, ba masu cinye jarin ba.

Su ma masu saƙar ina da magana da su, don ba kowace kyautar da aka ajiye a ƙasan akwati ce aka raina ba. Wata ba ta sawuwa ne. Mafi yawan zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu na roba ne, yana riƙe zafi, kuma a 'yan shekarun nan ƙaramar sallah cikin bazara take faɗowa. Ta 2025 a ƙarshen Maris aka yi ta. Wanda ya saƙa wa jariri rigar ulu mai kauri a irin wannan lokaci a Sakkwato ko Maiduguri, kada ya ji haushi in uwar ba ta sa masa ba, ƙuraje take gudu. Zaren auduga ya fi dacewa da zafi, ko a koma ga abin da ba a jiki ake sa shi ba: jaka, shimfiɗar tebur, marfin kwano, gidan waya, jakar Alƙur'ani ga mai zuwa islamiyya. A tambayi girman kai kafin a fara hula. Kayan jarirai a bar liƙa musu duwatsu da ƙananan maɓallai, komai bakinsu suke kaiwa. Sannan in an bayar an bayar. Mai bin kyautarta da "ban ga kin sa ba" duk haɗuwa, ko mai ba da labarin daren da ta raba a kanta a gaban mutane, ta mayar da alheri gori, kuma ta ɗora wa wadda ta karɓa bashin da ba ta ci ba.

Lokaci ma yana gangarowa wajen masu kwarashi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka sallah tana matsowa baya kowace shekara. Zuwa 2030 ƙaramar sallah za ta faɗo a farkon Fabrairu, zuwa 2033 kuma a farkon Janairu, tsakiyar hunturu, kamar yadda aka yi a 2000, shekarar da aka yi ta sau biyu, a Janairu da Disamba. A lokacin hular ulu da safa za su zama abin da ake nema da asubar idi. 'Yan'uwanmu Kirista na Jos da Kafanchan da Wusasa sun riga mu sanin wannan, tunda Kirsimeti kullum cikin sanyi take zuwa, kuma rigar sanyin da uwa ko kaka ta saƙa ba baƙuwa ba ce a can.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin mai saƙa ba shi da tsada. A sa wa yaron hular ranar da za a kai shi gaishe ta, ko a ɗauki hoto a tura mata ta WhatsApp. In wata ta tambaya a ina aka saya, a faɗi sunan wadda ta yi, a ba da lambarta in tana sayarwa, a kuma gaya wa mai tambayar cewa da kuɗi ake yi. Wanda yake da hali, in zai ba ta goron sallah, ya haɗa mata da ƙullin zare mai kyau da kwarashi masu lamba daban-daban, don masu saƙa sun san zare siriri da mai kauri ba kwarashi ɗaya suke ci ba. Gwaggon da ke son shuɗiyar hula ga Abba kuwa, ta aiko da kuɗin zare da na hannu tun da wuri, ta kuma bi layi kamar yadda take bi a wajen tela.