Kilomita 660 don wasan minti 90: wa ya zana ma ɗiyanmu wannan taswira?

Yau maganar ƙwallon ƙafar ƴan mata za mu yi. Mun san wasu za su ce ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, mu kuma muna zancen balo. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don maganar ta taɓa lakwal ɗin ɗiyanmu, ta taɓa aljihun iyayensu, ta kuma taɓa yadda ake rabon abin jama'a a ƙasar nan.

Akwai wata ekip ta ƴan mata ƴan ƙasa da shekara 17 nan Maraɗi. Kullum la'asar muna ganin su suna atisaye a filin wata kolej, wasunsu ma takalmin aro ne a ƙafarsu. Wata huɗu suka yi suna shiri. Ran wata Talata saƙo ya faɗo wayar antiranar ɗinsu ta WhatsApp: an sake rabon rukuni, an haɗa su da ekip biyu na Yamai da guda ta Doso, wasa gida da waje, kuma na farko ran Asabar ne a Yamai. Ba za mu kama sunan waɗanda suka shirya gasar ba, don ba su kaɗai ke da wannan hali ba.

Antiranar ya bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya neman izini. Wani dattijo ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "Mushe, ni ban hana ta balo ba, kai ma shaida ne. Amma ɗiya mace, kwana biyu a Yamai, wa za ya kwana da su? Ina za su sauka? In mota ta lalace tsakanin Konni da Dogon Dutsi cikin dare, wa zan kira?" Antiranar ya ce: "Baba, wallahi ni ma ban da amsa." Cikin yara 18, tara kaɗai aka bari. Ekip ba ta je ba, aka rubuta masu forfe, aka kuma ce ƴan cikin ƙasa ba su da himma.

Mu dai a wurinmu dattijon nan ya fi masu rabon rukunin hankali. Tambaya uku ya yi, kuma duk ukun aikin mai shirya gasa ne ya amsa su tun kafin ya aika saƙo.

To bari mu yi lissafi, don kada a ce son kai ne na Maraɗawa. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne. Zuwa Doso wajen 520. Ekip ɗin Maraɗi za ta je Yamai sau biyu, Doso sau ɗaya, zuwa da dawowa: kilomita 3,680. Ekip ɗin Yamai kuwa za ta zo Maraɗi sau ɗaya, ta je Doso mai kilomita 140 sau ɗaya, wasa na ukun a cikin gari ne, ko da kabu-kabu ta je: kilomita 1,600. Rukuni ɗaya, kofi ɗaya, amma wasu suna cin hanya fiye da ninki biyu na wasu. Tun ba a busa usur ba an riga an ci mu.

Kuma kilomita ba lamba ce kawai a takarda ba. Wanda ya taɓa shiga kar ta Yamai ya san sai ka kwana da shiri, ka isa tasha tun kafin kiran assalatu, ka wuni zaune: Gidan Rumji, Madawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai da yamma liƙis. Yarinyar da za ta yi wasa Asabar dole ta tashi Juma'a, ke nan darasin Juma'a ya tafi. Ta dawo Lahadi da dare ƙafa a kumbure, Litinin tana gyangyaɗi gaban allo. Da yawansu ƴan ajin BEPC ne, wasu suna shirin BAC. A watannin Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a haka ake so ta sauko daga mota ta kwana a tabarma a wani aji, gari ya waye ta yi gudun minti 90 da wadda ta kwana ɗakin uwarta. In ƴan Damagaram ne abin ya fi haka, wajen kilomita 900. Tawa wajen 550. Difa ta haura 1,300.

Sai kuɗi. Yara 18, antiranar, mataimakinsa, da mace babba ko biyu masu rakiya, kujera 22 ke nan. Ku je tasha ku tambayi kuɗin tikitin Yamai, ku ninka sau 22, ku sake ninkawa don dawowa, ku ɗora abinci da ruwa na kwana uku. Wace ekip ta unguwa ke da wannan? A ƙarshe kan iyaye ake faɗawa, kowa ya kawo jika kaza. Ɗiyar ɗan kasuwa ta tafi, ɗiyar mai tura baro ta zauna gida, ko da ita ce ta fi kowa iya taka leda.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Cewa suke in ana son ƴan wasan da za su sa rigar Mena, dole gwanaye su riƙa karawa da gwanaye, kuma manyan ekip suna Yamai. Gaskiya ne suna can. AS Police da AS GNN, waɗanda suka wakilci Nijar a wasannin share fage na gasar zakarun mata ta Afirka, duka na Yamai ne. Ko a ɓangaren maza, AS FAN, AS Douanes, Sahel da Olympic duk a babban birni suke, su Dan Kassawa da Jangorzo na Maraɗi da Espoir ta Damagaram su ke shan hanya. Amma a tambayi kai, me ya tara su can? Ekip mai hukuma a bayanta, wadda rabin wasanninta ba ta fita gari, dole ta yi ƙarfi. Wadda kowane wasa sai ta yi bara kafin ta hau mota, dole ta mutu. Sannan a dawo a ce tunda ƙarfi yana Yamai, kowa ya zo Yamai. Wannan ai kamar a ɗaure wa mutum ƙafa ne a ce ya cika nawa.

Waɗanda ke ganin yawan tafiya shi ne alamar babbar gasa, su dubi Amurka, ƙasar da matanta suka ci kofin duniya sau 4. Can akwai gasar ƴan mata mai suna ECNL tun 2009, da wata Girls Academy da aka kafa a 2020, bayan hukumar ƙwallon ƙasar ta rufe nata tsarin horar da matasa a watan Afrilu na shekarar. Duka biyun sun raba ƙasar shiyya-shiyya, amma duk da haka iyaye ke biyan kuɗin kulob, da na otal, da na jirgi, kuma duk lokacin da aka ɗauke wani kulob daga wannan shiyya zuwa waccan sai kuka ya tashi. Su da kansu suna ƙorafin cewa wasan ya zama na ƴaƴan masu hali. In masu dala da manyan hanyoyi suna kuka da nisa, mu da muke da ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 da babbar kwalta guda daga Yamai zuwa Difa fa?

Ba sai mun je nesa ba ma. Hukumar CAF da ta fara gasar zakarun mata a 2021, ba ta ce kowa ya tashi ya tafi Alƙahira ba. Shiyya-shiyya aka fara tacewa, mu muna UFOA-B tare da Najeriya, Benin, Togo, Ghana, Burkina Faso da Kodebuwa, sai zakarun shiyyoyi suka haɗu a ƙarshe. Maƙwabtanmu na Najeriya, da suka ɗauki kofin Afirka na mata karo na 10 a Rabat a watan Yulin 2025, babbar gasarsu ta mata rukuni-rukuni ake yin ta kafin ekip shida su haɗu wuri guda a fidda zakara. Manya ke nan masu albashi. Mu kuma yara ƴan lakwal muke jefawa kan hanya.

Ga abin da muke nema, kuma ba mu ga wanda ya gagara a ciki ba.

Na ɗaya, a raba rukuni bisa hanyar mota, a bar bin taswirar jihohi ido rufe. Madawa a jihar Tawa take, amma ta fi kusa da Maraɗi. Tasawa tana tsakiyar Maraɗi da Damagaram, wajen kilomita 120 kowane gefe. In aka haɗa Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Madawa, tafiyar ekip ɗin Maraɗi duka ba za ta wuce kilomita 1,040 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na wancan lissafi. Haka Tawa da Konni da Dogon Dutsi, haka Yamai da Doso da Tilaberi.

Na biyu, kafin ma a kai nan, a fara daga gida. Tibiri, Madarunfa da Gidan Rumji suna bakin Maraɗi. Miriya, Matamaye da Magariya suna kewayen Damagaram. Wasan da yarinya za ta fita bayan kari ta dawo kafin magariba, shi ne wanda uba zai yarda da shi ba tare da dogon roƙo ba.

Na uku, haɗuwar zakarun shiyyoyi a yi ta lokacin hutun lakwal, a wuri ɗaya, da masauki da abinci da mata masu kula da yara, a kuma riƙa zagayawa da ita: bana Tawa, baɗi Damagaram, wata shekara Yamai. Ƴan Yamai ma su ɗanɗani kujerar kar, ba abin da zai same su.

Na huɗu, kuɗin tafiya a biya shi bisa kilomita. Agadas da Difa ko yaya aka yi rabon sai sun sha hanya, to su ya kamata su fi kowa samun tallafi. Kada a ce mana babu kuɗi. A shirin FIFA Forward na 2023 zuwa 2026, kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa tana iya samun har dalar Amurka miliyan 8, kuma shirya gasar mata da ta matasa yana cikin sharuɗɗan wani kaso na kuɗin. Haƙƙinmu ne mu ji nawa ke sauka cikin jihohi, nawa ne kason ƴan mata.

Na biyar, a fidda kalanda tun farkon shekarar karatu a watan Oktoba. Saƙon Talata don wasan Asabar raini ne.

Mu ma iyaye da masu hali na gari akwai namu laifin. Maraɗi cibiyar kasuwancin ƙasa ce. Alhazan da ke da motocin sufuri, kujera 22 zuwa Tasawa sau ɗaya a wata ba za ta karya su ba. Ofisoshin magajin gari su ma su gyara fili ko guda, a kewaye shi, a sa wurin canza kaya na mata. Uwayen da ke da lokaci su shiga cikin masu rakiya, don hankalin sauran iyaye ya kwanta.

Dalilin da ya sa muka ɗauki abin da zafi shi ne wannan. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Ke nan lokacin da yarinya ke da shi na lakwal da wasa gajere ne ƙwarai. Wadda ta rasa kakar wasa ɗaya tana shekara 16, da wuya ta ga wata. Cikin yaran nan 18 da muka ba ku labari, biyar sun daina zuwa fili tun daga ranar forfe. Ɗaya daga cikinsu, mai tsaron gida, ta gamu da antiranar a bakin kasuwa ta ce masa: "Mushe, in ba a zuwa ko'ina, atisayen na mene ne?" Ya ce ta dawo, ana nan ana ƙoƙari. Har yau ba ta dawo ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sake zama rabon rukuni, a kira antiranonin jihohi da wakilan iyaye, a shimfiɗa taswirar hanya a kan tebur, a ƙirga kilomita a gaban kowa. Wanda kuma yake ganin Maraɗi zuwa Yamai ba nisa, mun yi masa alkawarin tikiti ɗaya, kujerar baya, cikin watan Afrilu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kiyaye matafiya, ya taimaki Nijar da ƴan Nijar.